Wankakkiyar Rigar Bitrus

Duk shekara sai an turo mana ɗalibai masu neman sanin makamar aiki, kuma duk shekara tambayar farko iri ɗaya ce. Za su shigo ɗakin gwajinmu na Barnawa a Kaduna da sabuwar farar riga, su duba gabas su duba yamma, sannan ɗaya ya yi ƙarfin hali ya ce, "Anti, ina injin yake?" Injin da suke nufi shi ne wanda suke gani a finafinan Turawa: a tsinci silin gashi a ƙasa, a jefa a ciki, kafin ka sha ruwa hoton mai kisa ya fito a allo har da unguwar da yake kwana. Ni ba mai faɗa ba ce. A gidanmu ma tsiya ake yi mini, wai ko kaza zan kora sai na ba ta haƙuri. Amma wannan tambaya tana tafasa mini zuciya, shi ya sa na ga gara in rubuta amsar sau ɗaya in huta.

Babu inji. A nan ba ma karanta ƙwayar halittar da ake kira DNA, ƙasar waje ake kai wa a karanta. Aikinmu shi ne abin da ke zuwa kafin karatun: mu ɗauko, mu shanya, mu naɗe, mu rufe, mu tabbatar abin da ya bar hannunmu shi ne ya isa can, ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya yi atishawa a kansa. Jini yana da baki, yana kuma iya riƙe magana shekara da shekaru. Amma muryarsa siririya ce ƙwarai. Damshi kaɗan ya isa ya shaƙe ta.

Aikin farko da aka ba ni shi ne ninke takarda. A shekarar da sojoji suka koma bariki na gama makaranta, na zo wurin Baba Dogara da takardar shaidata ina jin kaina a sama. Baba Dogara mutumin kudancin Kaduna ne, dogo, mai furfura a gira, ya yi ritaya daga ɗakin gwajin wani babban asibiti, ya taɓa zuwa kwas ƙasar waje, ya dawo ya buɗe wannan wuri. Ya karɓi shaidata ya karanta har ƙasa, ya yaba, sannan ya miƙo mini farar takarda da ɗan yashi a cokali.

"Hajiya ƙarama, naɗe mini wannan yadda ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba."

Na naɗe. Ya ɗaga ya girgiza a kan baƙin tebur, yashi ya zubo.

"Kin saki ɓarawo," in ji shi. "Sake."

Na yi watanni ina sakin ɓarawo. Ninkin irin ƙunshin masu maganin gargajiya ne, kowane gefe ya shige cikin ɗan'uwansa, ba gam, ba fil. Sai da hannuna ya iya shi ko idona a rufe sannan ya bar ni na taɓa hantsaki.

Kayan aikinmu ba su cika jakar hannu ba. Safar hannu, wadda ake canzawa tsakanin abu da abu ko da ta yi kama da sabuwa. Takunkumin baki, domin yawun mai surutu ma shaida ne, kuma yana iya rufe na mai laifi. Reza sabuwa ga kowane yanka. Hantsaki, tsinken auduga, ambulan na takarda, salatif, da biro na sa hannu a kan bakin ambulan yadda in an buɗe za a gani. Sai igiyar shanya a ɗakin ciki, inda rana ba ta shiga, fanka ba ta kaɗawa. Babban maƙiyinmu kuwa ba ɓera ba ne, ba gara ba ce. Leda ce. Mutumin garin nan in yana son abu sai ya ƙulle shi a leda: takardar fili, hoton biki, kayan mamaci. Leda tana riƙe gumi, gumi yana haifar da fumfuna, fumfuna kuma tana cinye jini har ta kai ga abin da muke nema. Baba Dogara in ya ga mutum ya shigo da baƙar leda a hannu, sai ya dafe kai ya ce, "An kawo mana gawa ta biyu."

Yawancin masu zuwa wurinmu ba maganar kisa ce ke kawo su ba. Masu neman bizar kai 'ya'ya waje ne, da masu rigimar gado, da mazan da zargi ya hana barci. Na tuna wani Alhaji da ya zo da gashin ɗansa da ya kwaso a shagon aski, a cikin kwalin ashana, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da haram. Na ce masa gashin da aka yanke ba shi da amfani a wurinmu, sai wanda ya fito da saiwarsa, kuma ba ma gwada yaro ba da sanin uwarsa ba. Ya ce, "Malama, gashin mutum nawa ne ma a wurin, ai na zaɓi wanda ya fi kama da nasa." Baba ya yi dariya har da hawaye. Irin waɗannan su ne abincin yau da kullum. Ba su ne suka sa ni rubutu ba.

Mummunar shekararmu ita ce ta rikicin da ya raba garin nan biyu, har kowa ya kwashi kayansa ya koma inda masu irin addininsa suka fi yawa. An sa dokar hana fita, ba wuta, ba man janareta, ba wanda ya iya isa Barnawa ya duba firiza. Da ƙura ta lafa muka buɗe ƙofa, wari ne ya fara yi mana sannu da zuwa. Duk jinin da ke cikin kwalabe ya lalace, aikin mutanen da wasunsu ba mu sake ganinsu ba. Amma ambulan ɗin da ke saman kanta, waɗanda muka ɗiga jini a takarda muka shanya, ko ɗaya bai yi komai ba. Baba ya tsaya a tsakiyar ɗaki da tsumma a hanci ya ce, "Kin gani? Abin da ya bushe ba ya jiran a kawo wuta." Daga ranar muka daina dogara da sanyi. Ku riƙe wannan, domin shi ne ya sa na yi murna ranar da na fara ganin rigar Bitrus.

Wata lauya ce ta kawo mana aikin, Barista Ladi, 'yar Filato, gajeruwa mai saurin tafiya. Tana cikin wasu lauyoyi da suka ɗauki shiga gidajen yari bayan dawowar mulkin farar hula, suna neman mutanen da aka jefa ciki da sunan jiran shari'a aka manta da su. A nan ta samu Malam Hudu, mai shayi.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ta ba mu labari. A zamanin soja, Malam Hudu yana da teburin shayi kusa da ƙofar wata masaƙa a Kakuri. Wata safiya yana hanyar zuwa hura wuta ya tarar da wani saurayi kwance a gefen layin dogo, an sassare shi. Ya gane shi: Bitrus ne, ma'aikacin masaƙa, ɗan Makera, mai shan shayinsa kullum. Da sauran numfashi. Ya rungumo shi yana ihu a kawo mota, yaron ya cika a hannunsa. Da 'yan sanda suka zo, suka ga mutum ɗaya da jini a riga, shi ke nan bincike ya ƙare. Mutane sun nuna musu ɗigon jini da ya bi ta cikin ciyawa ya nufi wani wajen, alamar wanda ya yi aikin shi ma ya ji rauni. Malam Hudu ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ba wanda ya bi ɗigon. Ba a yanke masa hukunci ba, ba a kuma sake shi ba. 'Yarsa da ya bari a goye har ta shiga makaranta.

"In aka samu jinin mutum na uku," in ji Barista, "wanda ba na Bitrus ba, ba na Hudu ba, zan iya tsayawa gaban mai shari'a in ce a sallame shi. In ba a samu ba, a ciki zai mutu. Tari yake yi, Baba, irin wanda ba na so."

Muka fara da ɗakin ajiyar kayan shaida na ofishin da ya yi kamun. Ba zan manta da wannan ɗaki ba. Rufin yana yoyo, adduna da tsofaffin tayoyi da jarkoki sun haɗu sun zama tsauni. Ma'ajin wurin ya tona ya zaro wata leda da hannunsa tsirara, bayan ya gama cin gyaɗa, ya buɗe ya shinshina ya ce, "Ina jin wannan ce." Rigar Malam Hudu ce, ko in ce abin da ya rage daga gare ta: wani kore-koren dunƙule da ya manne da ledar. Baba ya tambaya ina rigar mamacin.

"Oga, wa zai ajiye rigar gawa? Ai masu gawa aka ba."

Wato abin da ya fi kowane abu kusa da mai kisan, abin da ya kama, ya ja, ya zubar wa jini, shi ne ba su ga dalilin ɗauka ba. Na fito waje na tsaya a rana ina kallon ƙasa, don kada abin da ke bakina ya fito.

Maman Bitrus tana zaune a ɗaki ɗaya a Makera, tana sayar da ƙosai da safe. Mijinta ya rasu tun kafin ɗan. Da muka gaya mata abin da ya kawo mu, sai ta sa kujera ta hau, ta sauko da wani ƙunshi daga saman sif. Takardar buhun siminti ce. Ta ce da aka zo rabon kayan mamaci bayan zaman makoki, kamar yadda ake yi a wanke a raba wa dangi, ita ta ɓoye wannan. Ta shanya ta a ɗaki ta bushe, ta naɗe, ba ta sake buɗewa ba. Leda ba ta samu ba ranar, shi ya sa ta sa a takarda.

"Allah ya yi wa rashin leda albarka," in ji Baba.

Na sa safar hannu na ɗaga gefe ɗaya kawai. Rigar aiki ce ta kaki. Jinin ya zama baƙi-baƙi, ya bushe ƙamas kamar ganyen da aka manta a cikin littafi. A ƙirji da ciki babban tabo ne, wannan na mai rigar ne. Amma a hannun rigar na dama akwai ƙananan ɗigo-ɗigo da suka faɗo daga sama, daban da sauran. Na dubi Baba, ya dube ni.

Ga inda za ku ce, to me ya hana ku ɗauka a take? Doka. Abin da za a kai kotu ba a ɗaukarsa kamar kayan miya. Dole jami'in da ke riƙe da shari'ar ya kasance a wurin, ya ga an ɗauka, ya ga an rufe, ya sa hannu. In ba haka ba, lauyan gwamnati zai ce mu muka ɗiga jinin a hanya. Sai muka mayar da ƙunshin yadda yake. Na durƙusa a gabanta na ce, "Mama, don Allah kada ki buɗe, kada ki taɓa, kada ruwa ya kusance ta. Za mu dawo da Sufeto mu ɗauka, a kai ta ƙasar Turawa a duba."

"Ƙasar Turawa?" ta ce. "Rigar Bitrus?"

"Eh, Mama."

"A jirgin sama?"

"A jirgin sama."

Ta gyaɗa kai. Sai ta ce, "To a kai. A duba a gani, a rataye mai shayin nan in huta." Barista ta buɗe baki, Baba ya yi mata alama da ido ta yi shiru. Ba aikinmu ba ne mu gaya wa mutum abin da jini zai faɗa.

Sufeton bai zo ba. Makon farko aka ce an tura shi rakiyar wani sabon ɗan siyasa da ke zagayen godiya. Mako na biyu ɗan siyasan ya tafi ɗaurin aure wata jiha. Bayan nan aka ce mota ba lafiya, Barista ta ce za ta kawo tata, aka ce ai Oga ba ya shiga motar farar hula a bakin aiki. Kullum muna jin jiniya tana wucewa ta babban titi, jerin motoci masu baƙin gilashi, ni kuwa in ce a raina, ga Sufetonmu can yana buɗe wa wani ƙofar mota. Mun yi murna da tafiyar soja, na yi rawa a tsakar gidanmu ranar. Ban san cewa mutumin da soja ya manta da shi a kurkuku, farar hula ma sai ya gama biki zai tuna da shi ba.

A cikin wannan jira muka je gidan yari ɗaukar yawun Malam Hudu, domin sai an san nasa kafin a ce wani ba nasa ba ne. Aka fito da shi, siririn mutum, wuyansa kamar na tulun da ya tsage. Ya gaishe mu ɗaya bayan ɗaya har da tambayar mutanen gida. Na ce ya buɗe baki zan goga auduga a cikin kumatunsa, kada ya yi magana sai na gama. Da na gama ya yi murmushi.

"Malama, tun da na shigo nan ba wanda ya ce in buɗe baki sai ke. Ke ma kin ce kada in yi magana."

Gandirobobin suka yi dariya. Ni ban iya ba.

Ranar da Sufeto ya samu sarari, damina ta riga ta sauka. Muka isa Makera da hantsi, shi da mu da Barista. Maman Bitrus ta share ƙofar ɗaki, ta sa zanen zuwa coci. Ta shiga ta fito da tire, a kan tiren an shimfiɗa farin ƙyalle, a kan ƙyallen ga rigar Bitrus. An wanke ta. An sa mata sitaci. An goge ta da dutsen guga na gawayi har karin hannun yana iya yanka mutum. Ƙamshin sabulu da bilic ya cika wurin.

Muka tsaya muna kallon tiren.

"Mama," Barista ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "me kika yi? Ba a gaya miki ba? Ba a gaya miki da Hausa ba?"

"An gaya mini."

"To me ya sa?"

"Na yi ta jira ba ku zo ba. Kullum in kalli sif in yi tunani." Ta gyara ƙyallen da ke kan tiren. "Bitrus bai taɓa fita gidan nan da riga mai datti ba. Ko aikin dare zai je sai na goge masa. Yaron da ko Legas bai taɓa zuwa ba, yau zai shiga jirgi ya je gaban Turawa, in bar shi ya je haka? Su ce ba shi da uwa?"

Sufeto ya yi tsaki ya ce, "Shi ke nan, an ɓata mini lokaci. Mutanen nan ba sa jin magana." Ya juya zai tafi.

A rayuwata ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ranar. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara nawa matar nan ta riƙe rigar nan lafiya, ba albashi, ba ofis, ba ɗakin ajiya? Taku da kuka ajiye tana ina? Da ka zo ranar da aka kira ka, da yanzu rigar tana can." Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. Baba ya ce, "Hajiya ƙarama, ya isa." Amma bai ce na yi ƙarya ba. Ya roƙi Sufeto ya ɗan zauna ya sha ruwa.

Sai Baba ya jawo kujera 'yar tsuguno ya zauna a gaban matar, ya yi mata magana kamar suna hirar bayan coci.

"Maman Bitrus, wankin ya yi kyau. Uwargidana ma ba ta kai ki guga ba, kada ki gaya mata. In tambaye ki. In za ki yi wanki, me kike fara yi?"

"In jiƙa."

"Kafin ki jiƙa."

Ta yi ɗan tunani. "In laluba aljihu mana. Wa ke wanki bai laluba aljihu ba?"

"Yawwa. Me kika samu?"

"Ba komai. Ɗan almakashinsa ne na aiki."

Ma'aikatan masaƙa suna rataya ƙaramin almakashi a wuya ko a maɓalli, na yanke zare in ya tsinke a inji. Na Bitrus yana ɗaure da igiyar da ya kitsa da zaren auduga. Ta ce ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya gaya mata a hannunsa aka same shi, ya damƙe shi sai da aka ɓamɓare yatsun, shi ne ya jefa masa a aljihu. Da ta zo wanki ta ciro shi, ta ga ya yi tsatsa bai dace da tafiya ba, ta mayar da shi cikin takardar simintin ta tura ƙarƙashin gado.

"Kin wanke shi?"

"Wannan tsohon abu? Me zan wanke?"

Ni na shiga ƙarƙashin gadon, da sabuwar safar hannu, Sufeto yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo ko ya so ko bai so ba. Almakashin bai fi tsawon yatsa ba. Bakinsa ya yi tsatsa, amma a mahaɗarsa akwai baƙin abu da ya daskare, igiyar kuma daga ƙulli zuwa kamu ɗaya ta sha jini ta yi tauri kamar tsinke. Yaron bai mutu hannu sake ba. Ya soki wanda ya sare shi.

Baba ya yanke igiyar biyu da sabuwar reza. Rabi da almakashin muka naɗe, muka rufe, kowa ya sa hannu. Rabi muka rufe daban muka ajiye. Ba a taɓa aika duka, domin kaya suna ɓata a hanya, kuma gobe ma rana ce. Na goga auduga a kumatun Maman Bitrus, saboda ta jikin uwa ake gane wanne ne jinin ɗa. Da muka tashi tafiya ta miƙo tiren.

"Rigar fa?"

Rigar ba ta da sauran abin faɗa, bilic da wuta sun gama da ita. Na buɗe baki, Baba ya riga ni. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Za ta raka almakashin." Ya kuwa sa ta a cikin kwalin da za a aika, a ambulan nata daban, ya rubuta gaskiyar abin da aka yi mata.

Amsa ta daɗe, kotu ta fi ta daɗewa. Sakamakon ya ce jinin mutum biyu ne a igiyar. Ɗaya ɗan Maman Bitrus ne. Ɗayan namiji ne, kuma ba Malam Hudu ba ne. Da wannan a hannu aka ɗage zama saboda mai shari'a ya tafi taro, aka sake ɗagewa saboda ba motar kawo fursuna, aka sake ɗagewa saboda lauyan gwamnati bai ga fayil ba. Duk ɗagewa ɗaya, tarin Malam Hudu ya ƙara zurfi. Ranar da aka sallame shi, maganar ba ta kai tsawon shan kofin shayi ba. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Ya fito harabar kotu yana dafa bango, ƙaninsa da ya zo daga Unguwar Sanusi yana riƙe da shi. Maman Bitrus tana zaune a gindin bishiya, tun safe take wurin. Ta tashi ta tare shi. Na matsa kusa don ban san abin da za ta yi ba.

"Malam," ta ce, "shekarun nan duka sunanka nake kai wa Allah ƙara. Safe da yamma."

"Na sani, Mama. Ni ma da ni ne haka zan yi." Ya yi tari ya huta. "Ɗanki ba ya son madara da yawa. Kullum sai ya ce, Malam, shayi na zo sha ba koko ba. Da na rungumo shi ke yake kira. Na so in gaya miki tun ranar, ba a bar ni ba."

Ta rufe fuska da gefen zane. Ta daɗe a haka. Da ta buɗe, ni ta juyo ta kalla, ba Barista ba, ba Baba ba.

"'Yata, ku da kuka ga jinin. Yanzu sunan wa zan kai?"

Ba ni da suna. Abin da ke hannuna jerin lambobi ne a takarda, siffar mutum cikakkiya wadda ba ta da fuska. A ƙasashen da ake karanta jinin, akwai rumbun da ake tara irin waɗannan lambobi, a gwada sabo da tsoho har a ci karo da mai shi. Mu ba mu da shi. Da an bi ɗigon nan a cikin ciyawa tun ranar, da an leƙa ɗakunan shan magani an tambayi wa ya zo ɗinki da safe, da ba a ma buƙaci jirgi ba. Na ce mata, "Mama, ban sani ba." A duk abin da na koya a wannan sana'a, wannan ce jimlar da ta fi yi mini wuyar faɗa, kuma ita ce na fi faɗa.

Malam Hudu bai sake kafa tebur ba, masaƙar ma ta rufe. Ya ga 'yarsa, ya yi azumi ɗaya a gida, Allah ya karɓi abinsa. Maman Bitrus tana nan tana soya ƙosai. Ta ce mini yanzu duk namijin da ya miƙo hannu karɓar ƙosai sai ta duba ko yana da tabo.

Rabin igiyar yana saman kanta a ɗakin ciki, ambulan na uku daga bango. Duk ƙarshen damina nakan sauko da shi in duba ko damshi ya taɓa takardar, in mayar. A bushe yake, bai manta komai ba. Mai jinin kuma, in yana raye, yana cikin garin nan, wataƙila jiya ma bas ɗaya muka shiga.

Saboda haka in kun zo, kada ku tambaye ni inji. Ku ajiye jakarku a waje, ku wanke hannu, ku sa takunkumi. Ga takarda, ga yashi a cokali. Wanda ya shigo mini da leda kuma, ya koma da ita inda ya samo ta.